Kuturtar Aro

Bismillahi. Sunana Azumi, mai koko da ƙosai a bakin tashar manyan motoci, nan sabon Zongo na Lome. Ban yi boko ba. 'Yata Hadiza ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata kada ta ƙara gishiri. Na warke. Yatsan ƙafa ɗaya na bari a asibiti, sauran jikina na dawo da shi gida, alhamdu lillahi. Ina faɗin yadda aka yi ne don masu ba da aron karne su ji.

Karne shi ne ɗan littafin nan da ake yankar wa mutum a asibiti, da sunansa a bango, likita yana rubuta ciwonsa a ciki. Mu a Zongo kamar turmi muka ɗauke shi. Wadda ba ta da shi sai ta shiga maƙwabta ta aro. Karne guda yakan yi wa gida guda jinya, har da baƙi. Wasu kuɗin yankar sabo suke gudu, wasu tsoron a rubuta sunansu. Wannan tsoron na san shi. A Kumasi an rubuta sunana, aka zuba mu a mota aka ce mu bar ƙasa. A tsohon Zongo an bi gida-gida an rubuta mu, bayan nan aka turo motar rusau. Duk inda alƙalamin hukuma ya taɓa ni, sai na rasa ɗaki.

Da aka koro mu daga Gana, na sauka Lome da Hadiza a goye, ba miji, ba ko tabarma. Wadda ta ɗauke ni ita ce Yaya Talatu. Ungozoma ce, rabin 'ya'yan Zongo a hannunta suka faɗo, kowa Gwaggo yake ce mata. Ta raba ɗakinta biyu da zane, ta ba ni tukunyar da na fara dama koko. Ba ta taɓa tambayar asalina ba.

Wata rana, muna tsohon Zongo tukuna, ta kira ni ɗaki ta sakaya ƙofa. Ta zame zaninta, ta juya mini baya. Ga wani tabo kamar tafin hannu, ya fi sauran fatar haske. Ta miƙo mini allura.

"Soka nan."

Na soka.

"Azumi, na ce ki soka."

"Yaya, na soka."

Ba ta ji allurar ba. Ba wanda ya kira sunan abin. Can ta ce, "In Zongo ta ji, wa zai sake miƙo mini jariri?"

Na buɗe kwalla na ɗauko karnena. Ba hoto a jiki. Na ce, "Je ki da wannan. A can ke ce Azumi."

Ta daɗe tana zuwa karɓar ƙwayoyi, tana cewa kasuwa za ta sayen sabulu. Tabon ya dushe. Da aka rushe mu aka watso mu nan bayan gari, hanya ta yi nisa, ta daina zuwa. Ta mayar mini da karnen, na jefa shi ƙasan kwalla, na manta.

Shekaru suka wuce, sai nawa ciwon ya zo.

Da ƙishirwa ya fara. In shanye moɗa, in ajiye, in sake ɗauka. Fitsari kuwa ba hutu, kuma duk inda na tsuguna sai kiyashi su taru. Na rame. Ƙafafuna suka yi dundum, kamar na sa safa. Na ce tsufa ne da tsayuwa gaban wuta.

Wata safiya ina suya, Ɗanjuma direba yana zaune a bencina. Shi ne mai kai kaya arewa, bakinsa ba ya shiru. Ya shaƙi hanci ya ce, "Mma Azumi, ƙosai kike soyawa ko ƙafa?"

Na duba ƙasa. Garwashi ne a kan babban yatsana, yana ci. Ban ji ba.

Miki ya buɗe, ya ƙi rufewa. Magani kuwa kowa da nasa. Wannan ta ce zuma. Waccan ta ce garin bagaruwa. Surukar Hadiza ta aiko cewa sammu na taka, 'yan baƙin cikin sana'a ne suka binne mini. Na sha rubutu, na yi hayaƙi. Miki yana ta faɗi. Hadiza ta taso daga gidan mijinta a Hanukope ta ce, "Mma, sa sufi, ya isa haka. Gobe asibiti." Ita ta yi lakwal, wato boko, rabin maganarta Faransanci ne. Ta ce in ɗauko karne. Na ɗauko.

Mun yi sammako, amma sai bayan azahar aka kira mu. Ma'aikacin jinyar da ke zaune ya karɓi karnen ya buɗe. Ya karanta. Sai na ga ya ja kujerarsa baya. Ya sa safar hannu kafin ya leƙa ƙafata. Suka yi ta Faransanci da Hadiza, na ga fuskarta ta canza.

"Mma, me kika ɓoye mini?"

"Me ya ce?"

"Ya ce kuturta. Ya ce kin daɗe kina shan magani kika gudu."

A nan na tuna.

Na ce ta gaya masa ba ni da ita. Ya nuna takarda, ya nuna ƙafa: ga ƙafa ba ta jin zafi, ga miki ba ya warkewa, ga rubutun likita. Na ce ta gaya masa ƙishirwa da kiyashi. Ta faɗa. Bai ɗago ba, idonsa na kan karne. Ya tura mu wani ɗaki can ƙurya, aka ba ni ƙwayoyi. Aka ce duk mai wannan ciwo a ƙasar nan sunansa yana ofis guda, kowa da dosiyensa, wato tarin takardun da hukuma ke ajiyewa a kan mutum. Nawa dosiyen ya daɗe yana barci, yau an tashe shi.

Za a ce me ya hana ni faɗa. In na ce ciwon ba nawa ba ne, tambaya ta gaba ita ce na wa ne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce a raina, in haɗiye ƙwayoyin, a wanke mikin, magana ta mutu a nan. Hadiza ta yi kuka a mota har Zongo. Da muka isa ta ware mini kwano da cokali.

Makon farko fitsarina ya koma ja. An ce aikin maganin ne. Na biyu fatata ta fara duhu, kaina yana juyawa. Ƙishirwa tana nan. Miki yana nan. Ina fita sana'a ina suya a zaune, na naɗe ƙafar da tsumma mai tsabta.

A mako na uku ne mai mobilet ya zo.

Da safe ne, benci cike, direbobi da 'yan dako suna tsaye da kofuna. Wani mutum ya tsaya da ɗan babur ɗinsa, wato mobilet, da jaka a kafaɗa. Tare da shi akwai Malam Idi, shugaban jam'iyya na unguwarmu. Jam'iyya guda ce, ba sai na faɗi sunanta ba. Baƙon hukuma ba ya shiga unguwa sai ta hannunsa, shi ne kuma tafinta. Malam Idi ya gyara bajen da ke ƙirjinsa, ya ɗaga murya kamar mai shela:

"Ofis ne ya aiko! An zo duba Azumi mai koko, a ga ko tana shan maganin kuturtarta, a kuma duba mutanen gidanta!"

Ban taɓa jin tasha ta yi tsit haka ba. Na ji ana ajiye kofuna ɗaya bayan ɗaya. Wani ya juya ya tofar. Ɗanjuma ya dubi ƙosan hannunsa, ya ajiye shi a hankali kamar ƙwai. Bai yi barkwanci ba ranar.

Mai mobilet ba mugu ba ne, zan ba shi haƙƙinsa. Ya yi ta ɗaga hannu yana cewa wanda ya fara shan magani ba ya shafa wa kowa. Malam Idi bai fassara wannan ba. Amma ina tambaya: aikin da ya kawo ka na mutum ɗaya ne, me ya kai shi kunnen tasha? Ba ka iya sallama a ƙofar gida?

Ranar awaki suka sha koko. Washegari ma haka. Na kife tukunya. Maƙwabta suka hana yaransu shigowa. A famfo in na ajiye bokiti sai a matsa. Amfani ɗaya na samu: Malam Idi ya cire ni daga matan da ake kwasa zuwa rawar jam'iyya.

Da la'asar ɗin ranar da mai mobilet ya zo, Yaya Talatu ta shigo. Ta zauna bakin gado.

"Zan faɗa, Azumi."

"Ki faɗi me?"

"Gaskiya. Ba zan bari ki mutu da kayana ba."

"In kin faɗa, kutare biyu ke nan a Zongo. Nawa ba zai gogu ba. Matar Ɗanjuma ta shiga watanta, wa zai karɓe ta? Ni koko ne, ko'ina ana damawa."

"To alhakinki fa?"

Na ce, "Yaya, na ci tuwonki shekara da shekaru. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Ta dube ni. Sai dariya ta ƙwace mata, ni ma haka, muka yi ta yi har da hawaye. Daga ranar ta kwaso tabarmarta ta dawo ɗakina. Ita ke wanke mikin da ruwan gishiri, ita ke dafa mini, ita ke fita da fo. Mutane suna cewa, "Kai, Gwaggo akwai tawakkali." Tana jinsu, tana sunkuyar da kai.

Ƙafa dai ba ta san wannan ba. Yatsan ya yi baƙi. Ɗaki ya ɗauki wari. Zazzaɓi ya rufe ni, ina magana ban san me nake faɗi ba. Hadiza ta kwashi atamfofina ta kai kasuwar Hejiranawe ta sayar, mijinta ya cika, aka ɗauki tasi. Direban ya shimfiɗa leda a kujera kafin in shiga. Aka kwantar da ni.

Can na haɗu da wata likita, mace, 'yar ƙabilar Ewe, mai furfura. Ta yi aiki a arewa, tana jin Hausa gwargwado. Allah ya saka mata. Ita mutum ta fara dubawa kafin takarda. Ta murza kunnuwana, ta latsa gwiwar hannuna, ta duba girata. Sannan ta buɗe karne. Ta ce in juya.

"Mama, karne ya ce tabo a baya. Ina tabo?"

"Ya tafi."

"Ko wurinsa babu."

Ta ce Hadiza da Yaya Talatu su fita. Ta ja labule da hannunta, ta zauna a kan gadona, ba safar hannu. Ta yi ƙasa da murya.

"Mama, ƙafa za ta tafi. Ki faɗa mini gaskiya. Maganar nan tsakanina da ke."

Tunda nake shiga asibiti, ba wanda ya taɓa ja mini labule. Na ce, "Karnen nawa ne. Ciwon ba nawa ba ne."

"Na wa ne?"

"Na mai shi."

Ta riƙe kai. Ta yi wata magana da yarensu, na tabbata ba addu'a ba ce. Sai ta ce, to me ke damuna ni? Na gaya mata ƙishirwa. Na gaya mata kiyashi. Ba ta bari na ƙarasa ba, ta sa aka ɗebi jinina. Da sakamako ya fito ta dawo ta ce, "Sukari ne. Ya yi yawa a jini, shi ya kashe jin ƙafa." Sai ta ɗaga karnen ta faɗi maganar da har yau ke kaina: "An yi wa takarda magani, an bar mutum."

Aka tsayar da waɗancan ƙwayoyi, aka koma allura. Yatsan bai tsira ba, sun cire shi. Ƙafar ta tsira. Ba zan ce jinya daɗi ba. Zare da auduga da ruwan wanki duk sai ka saya a waje, in ba ka kawo ba a wuce gadonka. Wata ma'aikaciya takan tura mini magani da bakin faranti, don har lokacin kalmar nan tana rubuce a allon da ke ƙafar gadona, kowa ya zo dubiya ya karanta. Likita ce ta goge da kanta. Amma kwana kaɗan ƙishirwa ta kwanta. Ranar da na yi barci har asuba ban tashi fitsari ba, na san na dawo.

Likitar ba ta bar zancen ba. Ta ce, "Mai ciwon nan ba ta gama magani ba. In ta zauna, yatsu za su tafi. Yanzu akwai sabon magani, yana warkarwa. Ba na son sunanta. Bayanta nake so in gani."

Na ce, "A turo mata mai mobilet?"

"Ba mobilet. Lamba zan rubuta, ni zan riƙe. Ta zo da ƙafarta."

Da Yaya Talatu ta kawo mini abinci na gaya mata. Ta daɗe tana kallon hannayenta. Washegari ta ɗauki kwanona kamar za ta wanke, ta shige ɗakin likita, aka ja labule. Mai jinya ce, ba wanda ya tambayi me ya kai ta. Bayan an sallame ni ma, duk ranar da zan koma awon sukari ita ke raka ni. Ni a duba nawa, ita ta karɓi nata. Da fatarta ta yi duhu, mutane suka ce wahalar jinyata ce.

Hadiza ba sakara ba ce. Wata rana ta ce, "Mma, Gwaggo ce ko?"

Na ce, "Miƙo mini ruwa."

Ta miƙo, a kofinta. Ba ta sake tambaya ba, ba ta kuma sake ware mini kwano ba.

Sai maganar goge sunana a ofis. Likita ta rubuta musu. Hadiza ta yi ta sintiri, yau a ce mai sa hannu ya fita, gobe a ce ana taron jam'iyya. Daga ƙarshe aka ce dosiye ba a yaga shi, sai dai a ƙara layi a ƙasa cewa an yi kuskure. Wa ke karatu har ƙasa? Malam Idi kuwa na aika masa cewa ya dawo tasha ya warware da bakin da ya ɗaura. Ya ce ofis bai aiko shi ba.

Na fito da tukunya na dama koko. Ina ɗingishi, na rame, amma na fito. Hadiza ta nuna wa mutane takardar likita. Suka ce, "Allah ya ƙara sauƙi," suka wuce wurin wata mai kokon. Zongo ba ta karanta takarda, abin da ta ji da kunne shi ta riƙe. Na yi kwanaki ina damawa ina zubarwa. Na fara tunanin sayar da tukunyar.

Wata Juma'a da safe, tasha cike, Ɗanjuma ya zo ya zauna can ƙarshen benci. Ba saye ya zo yi ba, kunya ce ta kawo shi, don matarsa ta sauka lafiya a hannun Yaya Talatu. Ina zaune a ɗaya ƙarshen na miƙe ƙafa. Sai ga Yaya Talatu da mayafinta. Ta zauna tsakaninmu. Ta ɗaga murya yadda har masu ɗaure kaya suka juyo:

"Azumi, zuba mini koko. A kofinki nake so. Kurɓa tukuna, ki ji mini zafinsa."

Na kurɓa. Ta karɓa, ta sa baki daidai inda na sa, ta shanye.

Wani ɗan dako ya ce, "Haba Gwaggo! Ba ki tsoro?"

Ta ajiye kofi. Ta ɗaga yatsa sama. Tsohuwar da ba a taɓa jin ta yi rantsuwa ba ta ce, "Na rantse da Allahn da ya halicce ni, in akwai mai kuturta a bencin nan, ba Azumi ba ce."

Mu uku ne a bencin. Duk tasha ta juya ta dubi Ɗanjuma.

Ya yi tsalle ya miƙe, ya baza yatsunsa goma. "La ilaha! Gwaggo, ni kuma? Ku ƙirga! Wallahi ku ƙirga!"

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Don ya wanke kansa ya ce, "Mma Azumi, zuba mini biyu, da ƙosai, kuma kada ki sa ƙafa a ciki." Ya sha a tsaye kowa yana kallo. Wani ya ce, tunda Gwaggo ta rantse. Ya miƙo kofi. Wani ma ya miƙo. Ban dubi Yaya Talatu ba, ita ma ba ta dube ni ba. Ba ta yi kaffara ba, don ba ta yi ƙarya ba.

Yanzu ina shan maganina, kokona ba sukari. Ina duba ƙafata kowace safiya kamar mai neman kuɗin da ya faɗi. Wanda ya ga kiyashi a fitsarinsa kada ya tsaya wurin zuma.

Hadiza ta ce ana zancen wata na'ura, odinate, da za a zuba sunayen marasa lafiya duka a ciki, ko'ina ka je likita ya san ciwonka, kuma ba ta mantuwa. Ta ce ci gaba ne. Ni ban sani ba. Takarda ma da ke iya mantuwa ga abin da ta yi mini. Kafin su zuba ni, su gaya mini wa ke da ikon buɗewa, su gaya mini wa ke goge kuskure. Ku kuma 'yan Zongo, kowa ya yanki karnensa. In ƙawarki ba ta da kuɗi, ba ta kuɗin, kada ki ba ta sunanki. Ni dai ban yi nadama ba, amma na biya da yatsa.

Yaya Talatu ta rasu da daminar da ta wuce. Tsufa ne. Ta gama maganinta tuni, ta warke sarai, likita ta ce ba jaririn da ya ɗauki komai a hannunta. Ita ta ce mini, "Bayan raina ki faɗa, don wata ta je da wuri." Ga shi na faɗa. Allah ya jiƙanta.

A ofis har yau ni ce kuturwa. Su riƙe. Ita ta tafi da yatsunta goma, ni ina da tara a ƙafa, koko kuma yana ƙarewa kafin hantsi.